Busa Mai Ba da Labari: Tarken Salon Lester Young

Gabatarwa

A duk lokacin da muka zo fayyace wa ɗalibai ma'anar salo, abin da muka saba faɗa shi ne salo zaɓi ne: fasihi yana da hanyoyi da dama na isar da saƙonsa, sai ya ɗauki ɗaya ya bar sauran. Sai dai idan aka zo tarke, galibi a kan abin da aka ɗauka muke tsayawa. Mukan ƙirga kamance da siffantawa da kambamawa, mu jinjina wa wanda ya fi cika tulunsa, ba mu cika tambayar abin da fasihin ya iya faɗa amma ya haɗiye ba. Wannan maƙala za ta ɗauko misali daga nesa, daga wani fage da babu ko kalma ɗaya a cikinsa, domin duba wannan ɓangare na biyu. Wanda za mu nazarta shi ne Lester Young, baƙar fatar Amurka, mabushin saksofon a zamanin da ake kira zamanin suwin na kiɗan jaz. Akwai hukuncin da aka daɗe ana yanke masa, cewa fasaharsa ta mutu a kurkukun soja a 1945, duk abin da ya biyo baya kuwa inuwa ce kawai. A ganinmu wannan hukunci yana buƙatar a sake duba shi, kuma hakan ba zai yiwu ba sai an fara gane abin da mutumin yake nema tun daga farko.

Saksofon wani ƙaho ne na ƙarfe mai lanƙwasa, mai maɓallai a jikinsa da ɗan siririn kara a bakinsa, wanda wani ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Sax, ya ƙago a shekarun 1840. Yana da iri-iri gwargwadon kaurin murya. Wanda Young ya shahara da shi shi ne teno, mai murya kusa da ta namiji baligi. Zamanin suwin kuwa shi ne tsakiyar shekarun 1930 zuwa tsakiyar shekarun 1940, lokacin da manyan ƙungiyoyin makaɗa, masu mutum goma sha wani abu, suka mamaye gidajen rawa da rediyon Amurka. Tsarin kiɗan shi ne a fara da karin wata sananniyar waƙa, sannan mabushi ɗaya ya miƙe ya ƙago sabon kari nan take a kan ma'aunin waccan waƙa, sauran suna yi masa rakiya. Zagaye ɗaya na irin wannan busa yakan kasance gaɓar kiɗa 32, ko 12 idan bulus ne, wato tsohon tsarin waƙar baƙaƙen fatar kudancin ƙasar. Faifan garmaho na lokacin minti uku da ɗan ɗoriya yake ɗauka, saboda haka mabushi yakan sami abin da bai kai minti ɗaya ba ya faɗi duk abin da ke ransa.

Sarkin da aka tarar

Kafin a san Young, teno yana da sarki guda, Coleman Hawkins, tauraron ƙungiyar Fletcher Henderson ta birnin Niyok. Shi ne ya raba ƙahon da matsayin abin ban dariya ya mai da shi abin girmamawa. Muryar busarsa kakkaura ce, mai faɗi, mai karkarwa, kuma yakan bi kowane mataki na haɗin sautukan da waƙa ta ginu a kai, ya warware shi dalla-dalla, bai bar ko kafar allura ba. Duk wanda ya saurari "Body and Soul" da ya ɗauka a watan Oktoba na 1939 zai ji gini mai hawa-hawa, kowane hawa ya fi na ƙasa nauyi, har a kai ƙololuwa. Ba mu da abin da za mu rage wa wannan aiki. Abin lura kawai shi ne, a farkon shekarun 1930 kusan duk mai busa teno ya ɗauka hanya ɗaya ce tak, ita ce ta Hawkins.

An haifi Young a ranar 27 ga Agusta, 1909, a garin Woodville na jihar Misisifi, ya yi ƙuruciyarsa a gefen birnin Niyu Olins. Mahaifinsa malamin kiɗa ne da ya haɗa 'ya'yansa cikin ƙungiyar iyali mai yawon wasanni gari-gari. Da ganga ya fara, daga baya ya koma ƙaho. Yana ɗan shekara 18 ya rabu da ƙungiyar mahaifin nasa, domin ya ƙi yarda ya koma yawon kiɗa a jihohin kudu inda dokokin wariyar launin fata suka fi tsanani. Bayan 'yan shekaru na gararamba ya yada zango a birnin Kansas, wanda a lokacin gidajen rawarsa ba sa rufewa sai gari ya waye, mabusa kuma sukan kwana suna gwada ƙwanji da juna.

Abin mamaki a tarihinsa shi ne wanda ya ɗauka a matsayin madubi. Da bakinsa ya sha faɗa cewa Frankie Trumbauer ne, wani farar fata mai busa wani nau'in saksofon da muryarsa ta fi ta teno siranta, wanda ya yi faifan "Singin' the Blues" da Bix Beiderbecke a 1927. Dalilin da ya bayar shi ne mutumin yakan ba da ɗan labari idan yana busa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan kalma ta labari, domin ita ce mabuɗin duk abin da za mu faɗa. Ƙoƙarin fitar da waccan siririyar murya daga cikin ƙaton ƙaho shi ya haifar da sautin Young: mara nauyi, mai santsi, kusan babu karkarwa a cikinsa.

A 1934 Hawkins ya tafi Turai, aka kira Young ya hau kujerarsa a ƙungiyar Henderson. Zaman bai yi daɗi ba. Abokan aikinsa suka ce muryarsa ta yi siriri, matar Henderson kuma ta riƙa kunna masa faya-fayan Hawkins da safe don ya koyi yadda ake yi. Bayan 'yan watanni ya nemi a rubuta masa takardar shaidar cewa ba korarsa aka yi ba, ya tattara ya koma yamma. Matashi ne ɗan shekara 24, bai taɓa yin faifai ko ɗaya ba, ga shi a kujerar da kowane mai teno yake mafarki, abin da ake nema a gare shi kuma bai fi ƙarfinsa ba. Ya gwammace ya bar kujerar da ya bar muryarsa.

Faifan 1936 da abin da ke cikinsa

Sai a ƙarshen 1936, yana da shekara 27, aka fara ɗaukar busarsa, a birnin Shikago, tare da mutum huɗu daga ƙungiyar Count Basie, a ƙarƙashin sunan aro na Jones-Smith Incorporated. A cikin abin da aka ɗauka ranar akwai "Shoe Shine Boy" da "Oh, Lady Be Good". Na biyun ne za mu tsaya a kansa, domin zagaye biyun da ya busa a ciki sun ishe mu hujja.

Abu na farko da kunne zai kama shi ne yadda ya shigo: ɗan gajeren furuci, sannan ya yi shiru, ya bar masu ganga da fiyano suna tafiya, kamar mai tatsuniya da ya ce ga ta nan ya dakata a amsa masa. Daga nan ya soma jero jimloli waɗanda tsawonsu bai zo ɗaya ba. Waƙar an gina ta ne kashi huɗu, kowane kashi gaɓa takwas, kuma al'adar mabusa ita ce su numfasa inda kashi ya ƙare. Young yakan tsallake wannan iyaka, jimlarsa ta fara a tsakiyar wani kashi ta ƙare a cikin na gaba. Ɗalibin waƙa zai gane wannan nan da nan, domin shi ne abin da muke kira saɓi-zarce, inda ma'ana ta ƙi tsayawa a ƙarshen ɗango. Bambancin kawai shi ne a nan kari ne yake zarcewa.

Masana kiɗa sukan ce Hawkins yana tunani a tsaye, Young yana tunani a kwance. Abin da suke nufi shi ne, na farkon yakan tsaya a kowane mataki na haɗin sauti ya hau ya sauka a kansa, na biyun kuwa yakan nemi zare ɗaya da zai ratsa matakai uku ko huɗu ba tare da ya gaisa da kowannensu ba. Wannan ya ba shi damar rage yawan sautukan da yake busawa. Wani lokaci ma sauti ɗaya zai riƙe ya yi ta maimaitawa, yana sauya yatsun da yake fitar da shi, sai launinsa ya riƙa canzawa alhali sautin bai motsa ba, tamkar mai magana da ya faɗi kalma ɗaya sau uku, ta farko tambaya, ta biyu mamaki, ta uku ba'a. Har ila yau yakan ɗan jinkirta bayan bugun ganga, ba don ya makara ba, sai don jinkirin yana haifar da wani irin rangaji da gaggawa ba ta iya kawowa. A "Lester Leaps In" na 1939 an ji wannan ƙarara, inda masu rakiya suke ɗauke hannu su bar shi shi kaɗai, kiɗan kuma bai fasa tafiya ba.

Dole a faɗi cewa ya yi sa'ar abokan aiki. Masu riƙe masa ma'auni a ƙungiyar Basie, wato Basie kansa a fiyano, Freddie Green a jita, Walter Page a bes da Jo Jones a ganguna, sun sassauta bugun da aka gada mai nauyi suka mai da shi abu mai gudana. Basie kuma ya ajiye masa kishiya a gefe, Herschel Evans, mabiyin tafarkin Hawkins, yana haɗa su karo kowane dare har rasuwar Evans a 1939. Ba a gane hasken farin zane sosai sai an shanya shi kusa da baƙi.

Shi da Billie Holiday

Inda salon nan ya fi bayyana, a ganinmu, shi ne faya-fayan da ya yi da mawaƙiya Billie Holiday tun daga watan Janairu na 1937, yawancinsu tare da mai fiyano Teddy Wilson. Ita ce ta laƙaba masa Pres, wato shugaban ƙasa a taƙaice, shi kuma ya sa mata Lady Day. Waƙoƙin da kamfani yake ba su sau da yawa na kasuwa ne, masu arha, waɗanda ba don su ba da tuni an manta da su. A "This Year's Kisses" shi ne ya fara busa karin kafin ta shigo, kuma bai yi masa ado ba sai ɗan kaɗan: ya ja wannan sauti, ya gajarta wancan, ya bar wani ya faɗi. Kafin ta buɗe baki mai sauraro ya riga ya san irin baƙin cikin da za a yi magana a kai. A "A Sailboat in the Moonlight" da "Me, Myself and I" kuwa busa yake a bayanta tana cikin waƙa, ba amshi yake yi ba, ba kuma gasa ba, murya ta biyu ce mai faɗin nata zancen a ƙarƙashin na farko, su haɗu a nan su rabu a can.

Ya taɓa bayyana cewa ya kamata mabushi ya san kalmomin waƙar da yake busawa, kuma an san shi da yawan sauraron mawaƙa irin su Frank Sinatra fiye da mabusa 'yan'uwansa. Wannan ya bayyana mana dalilin shirunsa. Mai bin kalmomi dole ya numfasa inda magana take numfasawa, dole ya san gaɓar da za a danna da wadda za a wuce. Ƙahon Hawkins huɗuba yake yi, na Young hira.

Soja, da hukuncin masu tarke

Ya bar Basie a ƙarshen 1940, ya dawo a ƙarshen 1943. A 1944 ya fito a ɗan gajeren fim na Gjon Mili mai suna "Jammin' the Blues", da faffaɗar hularsa mai shafaffen kai da ƙahonsa riƙe a karkace. A watan Satumba na shekarar aka ɗauke shi soja dole. Mutum ne mai kunya, mai taushin hali, mai magana da wani zaurance na kansa da ba kowa ke ganewa ba, kuma mashayi ne. Babu abin da ya fi rashin dacewa da shi kamar bariki. A sansanin Fort McClellan na jihar Alabama aka kama shi da tabar wiwi da ƙwayoyin sa barci, kotun soja ta yanke masa ɗaurin shekara guda, aka kai shi gidan horon soja a jihar Jojiya, aka sallame shi sallamar wulaƙanci a ƙarshen 1945. Wato mutumin da ya bar mahaifinsa don gudun kudu, a kudun aka ɗaure shi.

Daga nan ne masu tarke da dama suka ja layi: kafin soja zinariya, bayan soja toka. Labari ne mai daɗin bayarwa, yana da zalunci a ciki da wanda aka zalunta, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Shan giyarsa ya ƙaru, lafiyarsa ta yi ta lalacewa har aka kwantar da shi asibiti a ƙarshen 1955. A wasannin da Norman Granz yake shiryawa a manyan zauruka, waɗanda Young ya shiga a 1946, wani lokaci yakan koma ga 'yan dabarun tayar da taro, yana maimaita jimlolin da ya riga ya gaji da su. Wasu faya-fayansa na 1958 da na ƙarshe da ya yi a birnin Faris a 1959 suna da wuyar saurare, domin numfashin ya ƙare, yatsun sun yi nauyi. Duk wanda ya musanta wannan son rai ne yake yi, ba tarke ba.

Amma hukuncin ya haɗa abu biyu da bai kamata a haɗa ba, wato raunin jiki da sauyin salo. Jim kaɗan da fitowarsa ya ɗauki "D.B. Blues", wanda sunansa ke nuni da gidan horon da ya fito, kuma babu alamar karyayyen mutum a ciki, akwai ma wata 'yar ba'a a busar. A lokacin ne ya yi "These Foolish Things", inda kusan bai taɓa ainihin karin waƙar ba, ya ƙago nasa daga farko har ƙarshe, mai sauraro kuma bai daina jin waƙar a bayan kunnensa ba. A 1946 ya yi zama da Nat King Cole da Buddy Rich, a 1952 da Oscar Peterson, a watan Janairu na 1956 kuma, makonni kaɗan bayan barin asibiti, ya sake haɗuwa da Teddy Wilson suka yi "Pres and Teddy". Muryar da ke waɗannan ayyuka ta fi ta 1936 duhu da kauri, tafiyar ta ragu, jinkirin bayan ganga ya ƙaru, shirun ya faɗaɗa. Wanda ya ɗauka cewa gudun "Lady Be Good" shi ne fasahar, dole ya ga koma-baya. Wanda kuwa ya gane cewa tun farko abin da mutumin yake nema shi ne ya ba da labari da mafi ƙarancin sauti, zai ga hanya ɗaya ce ake bi, labarin ne ya sauya. Ba a tsammanin ɗan shekara 46 da ya ga abin da ya gani ya yi zance irin na ɗan shekara 27, kuma da ya yi hakan da mu ne za mu fara zarginsa da kwaikwayon kansa.

Magada

Tasirinsa ya bi ta hanya biyu. Charlie Parker, tun yana yaro a birnin Kansas, ya haddace busar Young daga faya-fayan Basie, ya ɗauki 'yancin jimlar da tsallake iyakar kashi, ya ƙara musu gudu da sarƙaƙiya har suka zama sabon kiɗan da ake kira bibof. Dexter Gordon da Wardell Gray ma ta nan suka biyo. A ɗaya hanyar akwai su Stan Getz da Zoot Sims da Al Cohn, waɗanda suka ɗauki santsin muryar. Akwai kuma Paul Quinichette da kwaikwayonsa ya kai har ake ce masa mataimakin shugaban ƙasa. Wasu daga cikinsu, musamman Getz, sun kai ga kasuwar da shi Young bai taɓa gani ba. Da yawa cikin waɗannan magada fasihai ne na gaske, kuma ba mu ga laifin koyi ba, tunda shi ma koyi ya yi. Sai dai abin da ya fi saurin kwaikwayuwa shi ne sautin. Sanin inda za a yi shiru, da nauyin bulus da ke kwance a ƙarƙashin santsin, kaɗan ne suka gaje su. A ƙarshen rayuwarsa yana zaune a wani otal da ke kallon gidan rawa na Birdland a Niyok, inda matasa ke busa abin da ya ƙago, masu tarke kuma suna rubuta cewa ya ƙare.

A watan Disamba na 1957 gidan talabijin na CBS ya tara manyan makaɗan jaz a shirin "The Sound of Jazz". Billie Holiday ta zauna a kan wata doguwar kujera, mabusa sun kewaye ta, ciki har da Hawkins da Ben Webster, ta soma "Fine and Mellow", bulus ɗin da ita ta tsara. Ita da Young sun yi shekaru ba sa shiri. Ba shi da lafiya, har an ce masa yana iya busawa a zaune. Webster ya yi zagayensa da kakkaurar murya, sai Young ya miƙe. Gaɓa 12 kawai ya busa, a hankali, sautukan ana iya ƙirga su, kowace jimla tana jiran ta gabanta ta sauka kafin ta taso. Mai ɗaukar hoto ya bar shi ya koma kan fuskar Holiday, tana bin kowane sauti da ido, tana gyaɗa kai, tana ɗan murmushi. Nat Hentoff, wanda yana cikin masu shirya shirin, ya ruwaito cewa mutanen da ke ɗakin sarrafa na'ura sai da suka zubar da hawaye. Hawkins ma ya yi nasa zagayen a cikin waƙar, ya kuma yi shi da kyau, amma na Young ake ta komawa a kalla.

Ya rasu a Niyok ranar 15 ga Maris, 1959, sa'o'i kaɗan bayan dawowarsa daga Faris, yana da shekara 49. Holiday ta bi shi ranar 17 ga Yuli. A tsakanin mutuwar biyu Charles Mingus ya ɗauki ta'aziyyarsa mai suna "Goodbye Pork Pie Hat", wato ban kwana da waccan hula, ita ma bulus ce mai gaɓa 12.